Darasi na Tara: Kula da Injin Tace Ruwan Teku a Jirgi Mai Tafiya da Iska

Manufofin darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. Bayyana yadda ake raba gishiri da ruwan teku har ya zama abin sha.
2. Lissafa sassan injin da aikin kowannensu.
3. Faɗin abubuwan da suke kashe tantanin injin, da hanyar kare shi.
4. Auna ruwan da aka tace, da yanke hukunci a kan shansa ko zubar da shi.
5. Gano musabbabin matsala ta hanyar alamominta.

1. Ƙishirwa a tsakiyar ruwa

Ku sani, ɗalibai, cewa kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, a Bahar Maliya kuwa, sabili da tsananin zafin rana da rashin wani babban kogi da yake kwarara cikinta, adadin yakan kai wajen giram 40. Ƙodar ɗan Adam ba ta da ikon fitar da fitsari mai gishiri kamar wannan, saboda haka duk wanda ya sha ruwan teku tilas jikinsa ya ƙara da nasa ruwan kafin ya iya fitar da gishirin, sai ya zamana gwargwadon shansa gwargwadon ƙaruwar ƙishirwarsa.

Wannan matsala daɗaɗɗiya ce. Malaman hadisi sun ruwaito cewa an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da masu shiga teku da guzurin ruwa kaɗan, waɗanda in sun yi alwala da shi za su yi ƙishirwa, sai ya halatta musu tsarki da ruwan tekun. Birnin Jidda ma, wanda alhazanmu na dā suke sauka a cikinsa bayan sun ƙetaro daga Sawakin, tun farkon ƙarni na 20 aka kafa masa wani inji da mutanen garin suke kira Kindasa, wanda yake dafa ruwan teku ya tara tururinsa. Amma dafa ruwa yana cin makamashi mai yawa, ƙaramin jirgi mai tafiya da iska kuwa, wanda mutum uku ko huɗu suke ciki, ba shi da wurin ajiye makamashin.

Sauƙi ya samu wajen shekarar 1960, lokacin da wasu masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, suka ƙera a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis wani tantani da ruwa yake ratsawa da saurin da zai amfanar, gishiri kuwa ya tsaya. Daga wannan asali ne aka sami injinan da matuƙa suke ɗauka a yau, kuma irin wannan tantani ne ake aiki da shi a masana'antun ruwan leda da na gora da yawa a garuruwanmu. Fa'idarsa ta bayyana a fili a 1989, sa'ad da jirgin wasu ma'aurata, William da Simonne Butler, ya nutse a Tekun Fasifik, suka yi kwana 66 a kan ɗan kwalekwalen roba, suna shan ruwan da suke tacewa da ƙaramin inji na hannu, har Allah Ya kawo musu agaji.

2. Yadda injin yake aiki

Idan uwargida ta yanka albasa ta barbaɗa mata gishiri, bayan ɗan lokaci za ta tarar da ruwa ya taru a gindin kwano. Abin da ya faru shi ne ruwan da ke cikin albasar ya ratsa siraran fatun da suka kewaye shi ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa, domin ɗabi'ar ruwa ke nan da Allah Ya halicce shi a kanta: in an raba ruwa biyu da tantani, mai ƙarancin gishiri shi yake tafiya wajen mai yawan gishiri.

Abin da matuƙi yake bukata kishiyar wannan ne, watau ruwa ya baro gishiri ya fito, kuma ba a samun haka sai an danne ruwan tekun da ƙarfin da ya rinjayi ƙarfin ɗabi'arsa. Ƙarfin jan ruwan teku kimanin bar 27 ne, don haka ake matsa shi da wajen bar 55, wanda ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau ashirin. Ko da haka ba dukkan ruwan da ya shiga yake zama na sha ba: a ƙananan injina kamar kashi ɗaya cikin goma ne, ko sama da haka kaɗan, sauran yana wucewa ta fuskar tantanin, ya kwashe gishirin da aka tsayar, ya koma teku.

> Akwatin ma'anoni
> Tantani: siririyar fata da aka naɗe cikin bututu mai ƙarfi, wadda ruwa yake ratsawa, mafi yawan gishiri da ƙwayoyin cuta kuwa ba sa ratsawa.
> Osmosis: tafiyar ruwa ta cikin tantani daga ɓangaren da gishiri ya ƙaranta zuwa ɓangaren da ya yawaita.
> Juyayyen osmosis: tilasta wa ruwa da matsi ya bi akasin waccan hanya.
> Bar: ma'aunin ƙarfin matsi.

3. Sassan injin bisa hanyar da ruwa yake bi

Wanda ya haddace hanyar da ruwa yake bi daga shigarsa zuwa fitarsa, ya sami rabin ilmin gyara, domin kowace matsala a wani zango take faruwa.

Ruwa yana shiga ta wata kafa a ƙarƙashin jirgi, wadda take da bawul na buɗewa da rufewa. Daga nan ya bi ta rariya, ita ce take tare ciyawar teku da ƙananan halittu. Sai ƙaramin famfo ya tura shi cikin matatai biyu, na farko mai maikuron 20, na biyu mai maikuron 5, su kwashe laka da ƙura. Sannan babban famfo ya karɓe shi ya matsa shi cikin bututun tantani, inda yake rabuwa gida biyu: tataccen ruwa ya nufi tanki, ragowar mai kaurin gishiri ta bi ta bawul ɗin daidaita matsi ta fita waje. Akwai kuma ma'aunai da matuƙi yake dubawa: na matsin ruwan shiga, na babban matsi, da na yawan ruwan da yake fitowa a awa.

> Akwatin ma'anoni
> Mataci: ɗan tulun takarda ko zare da yake tsayar da datti kafin ya isa tantani.
> Maikuron: kashi ɗaya cikin dubu na milimita.
> Matacin gawayi: matacin da yake tsotse kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwan famfon gari, daga ruwan tanki.

*Misali na ɗaya.* Mutum huɗu za su ƙetare Tekun Atalantika daga tsibiran Kanari zuwa Karebiyan, tafiyar da takan ɗauki kimanin mako uku. A ce kowannensu yana bukatar lita 15 a rana, 3 domin sha, 12 domin girki da wanka da wanke-wanke. Jimilla lita 60 ke nan. In injinsu yana ba da lita 30 a awa, to aikin awa 2 kowace rana ya wadatar. Amma mai hankali ba ya jingina ransa ga inji kaɗai, sai ya tanadi ruwan sha a jarkoki: lita 3 sau mutum 4 sau kwana 21, watau lita 252.

4. Abubuwan da suke kashe tantani

Tantani shi ne mafi tsada kuma mafi rauni a cikin sassan, kuma abin mamaki a al'amarinsa shi ne yawan aiki bai cika lalata shi ba kamar yadda zama ba aiki yake lalata shi. Dalili kuwa, ruwan teku cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda muddin ruwa yana gudu ba sa samun wurin zama, amma da zarar an kashe inji an bar ruwan a kwance, musamman a ƙasashe masu zafi, sai su hayayyafa su lulluɓe fuskar tantanin da yauƙi, har su mutu su ruɓe, ruwan ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Maganin wannan iri biyu ne. In injin zai huta kwanaki kaɗan, sai a ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan an gama aiki, a kuma maimaita ɗaurayar duk bayan kwana biyar zuwa bakwai. In kuwa hutun zai yi tsawo, kamar a bar jirgi a tasha wata da watanni, to wajibi ne a cika injin da ruwan maganin ajiya, wanda yake hana halittun rayuwa. Lalle ne a yi aiki da maganin da maƙeran injin suka ambata a littafinsa, domin wanda ya dace da wani inji yana iya cinye robobin wani. Ranar da za a koma aiki kuma, a bar ruwan teku ya gudana ba tare da matsi ba na kimanin rabin awa, har maganin ya fita sarai.

Abokin gaba na biyu shi ne kulorin, sinadarin da ake zubawa a ruwan famfon gari. Shi yana cin tantani ne, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Haɗarin yana nan ne a inda matuƙi ya cika tankinsa da ruwan famfo a tasha, sannan ya ɗauraye inji da shi bisa kyakkyawar niyya. Sabili da haka ba a ɗauraya sai ruwan ya bi ta matacin gawayi, shi ma ana sauya shi duk bayan 'yan watanni, domin yakan ƙoshi ya daina tsotsa alhali ido bai ga wani canji a jikinsa ba.

Na uku shi ne mai da ƙazanta. Ba a kunna inji a cikin tashar jiragen ruwa, inda dizal yake yawo a kan ruwa kuma magudanan gari suke zuba, haka nan ba a kunna shi a bakin kogi mai laka, wadda za ta toshe matatai cikin ɗan lokaci. Na huɗu shi ne bushewa da daskarewa: tantanin da ya taɓa jiƙewa ba a barinsa ya bushe, ba a kuma barin ƙanƙara ta kama shi a ƙasashen sanyi.

Ga ƙa'idar kunnawa. A buɗe bawul ɗin shigar ruwa, a saki bawul ɗin matsi gaba ɗaya, a bar ruwa ya gudana har iska ta fita daga bututai, sannan a ɗaga matsi sannu a hankali. Wajen kashewa ma a sauke shi sannu a hankali. Kada a kwance wani noti alhali matsi yana nan, kada kuma a laluba wurin yoyo da yatsa, domin ruwa mai wannan ƙarfi yana iya huda fata. Babban famfo in mai amfani da mai ne, a riƙa duba man, in ya koma fari kamar madara to ruwa ya shiga cikinsa.

5. Auna ruwa kafin a sha

Malaman fiƙihu sun koyar da mu duba ruwa ta siffofi uku, launi da ɗanɗano da ƙamshi, kuma da waɗannan matuƙi ma yake farawa. Sai dai hukuncin tsarki dabam, hukuncin lafiyar sha dabam, domin ruwan teku da kansa mai tsarki ne amma ba ya shayuwa, kuma harshe ba ya jin gishiri sai ya riga ya yi yawa. Don haka ake bukatar wani ɗan ma'auni mai kama da alƙalami, wanda masu sana'ar suke kira mitar TDS. Ana tsoma bakinsa a ruwa, ya gwada yadda lantarki yake ratsa ruwan, ya nuna adadin narkakken gishiri da miligiram a kowace lita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ruwan da narkakkun sinadaransa ba su kai miligiram 600 a lita ba ana ɗaukarsa mai daɗin sha, in kuwa sun haura 1,000 daɗinsa yana raguwa ƙwarai. Inji mai lafiya yakan ba da ruwa tsakanin 200 zuwa 500. Ruwan da ya fara fitowa kullum gishirinsa ya fi yawa, saboda gishiri yakan silale ta cikin tantani lokacin da inji yake a kashe, don haka a zubar da na mintunan farko, a tara a kofi mai tsabta a auna, sai adadin ya sauko ya tsaya sannan a karkata ruwan zuwa tanki. Wanda ya yi gaggawa a nan yana iya ɓata tanki guda da ruwan awa ɗaya.

A kiyaye da iyakar wannan ma'auni: gishiri yake gani, ba ya ganin ƙwayoyin cuta. Ruwan yana iya fitowa daga tantani garau ya gurɓace a tanki mai datti, tun da babu kulorin a cikinsa da zai kare shi. Saboda haka ana wanke tanki da tiyo lokaci zuwa lokaci, in kuma an yi kokwanto a tafasa na sha. Shi kansa ma'aunin ana jarraba gaskiyarsa da ruwan gwaji wanda aka san adadin gishirinsa.

> Akwatin ma'anoni
> TDS: jimillar gishiri da sauran sinadaran da suka narke a ruwa.
> Ɗauraya: korar ruwan teku daga inji da ruwan daɗi marar kulorin.
> Maganin ajiya: sinadarin da ake cika inji da shi in zai daɗe ba aiki.

*Misali na biyu.* Ruwan teku ya shiga da miligiram 35,000 a lita, ya fito da 350. In aka raba 350 da 35,000 za a sami kashi 1 cikin 100, watau tantanin ya tsayar da kashi 99. Bayan wata shida adadin ya koma 700. Ruwan yana shayuwa har yanzu, amma gishirin da yake ratsawa ya ninka, kuma wannan gargaɗi ne da ya kamata a bincika.

6. Gano musabbabin matsala

Babu mai gane cewa inji ya canza hali sai wanda ya san halinsa na lafiya. Bisa ga haka, wajibi ne a ajiye littafi kusa da injin, duk ranar da aka kunna a rubuta abu biyar: matsin ruwan shiga, babban matsi, lita nawa a awa, adadin TDS, da zafin ruwan teku. Sannan in matsala ta zo, a fara bincike daga mafi sauƙi da araha, domin sau da yawa akan ɗora wa tantani laifi alhali ciyawa ce ta toshe rariya.

- Matsin ruwan shiga ya faɗi: a duba bawul ɗin shiga, da rariya, da matatai. Galibi mataci ne ya cika.
- Allurar ma'auni tana rawa, famfo yana ƙara: iska ta shiga bututu, ko ta wata mahaɗa da ta saki, ko don igiyar ruwa tana ɗaga kafar shiga sama da ruwa.
- Ruwa ya ragu, TDS ya ɗan hau, famfo yana jan jiki: a duba batir da wayoyi. In matsi ya ragu ruwan da yake ratsawa yana raguwa, gishirin kuwa bai ragu ba, sai ya fi yawa a kowace lita.
- Ruwa yana raguwa a hankali alhali matsi da zafi ba su canza ba: tantani ya yi datti. In ragin ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a wanke shi, da maganin alkali, watau kishiyar mai tsami, domin yauƙi, da mai tsami domin ma'adinan da suka daskare.
- TDS ya yi tsalle farat ɗaya, ruwa ya ƙaru: ko zoben robar da yake raba ruwan biyu a bututun tantani ya tsage har ruwan teku yana gauraya da tatacce, ko kulorin ya ci tantani. A fara da zoben.
- Warin ruɓaɓɓen ƙwai: a sauya matatai, a bar ruwa ya gudana ba matsi har warin ya gushe.

Akwai kuma canjin da ba cuta ba ne. Ana ƙayyade ƙarfin inji a ruwa mai zafin digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ruwan ya ƙara sanyi, abin da yake fitowa yana raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100. Haka nan a Bahar Maliya ruwa zai ragu saboda yawan gishiri, a ruwa mai ƙarancin gishiri kuwa zai ƙaru, har ya wajaba a rage matsi don kada a wuce adadin da aka ƙayyade wa tantanin.

*Misali na uku.* Injin da yake ba da lita 30 a awa a digiri 25 ya shiga ruwa mai digiri 18. Bambancin digiri 7 ne, 7 sau 3 kuma kashi 21 cikin 100 ke nan. Abin da za a sa rai kimanin lita 24 ne. Matuƙin da ya ga lita 24 ba shi da abin gyarawa, wanda ya ga lita 15 kuwa sai ya buɗe littafinsa ya fara daga rariya.

Taƙaitawa

Injin yana raba ruwa da gishiri ta hanyar matsi da tantani. Ana kare tantanin da yawan aiki, da ɗauraya, da nisantar kulorin da mai. Ba a tura ruwa tanki sai an auna, ba a yanke wa tantani hukunci sai an duba sauran sassa da abin da littafi ya nuna, kuma ruwan jarka yana nan a ajiye ko da inji yana lafiya, domin rayukan waɗanda suke cikin jirgi amana ce a wuyan matuƙi.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa shan ruwan teku yake ƙara ƙishirwa?
2. Ku bayyana bambancin osmosis da juyayyen osmosis da kalmominku.
3. Ku jera sassan injin bisa hanyar da ruwa yake bi, daga kafar shiga zuwa tanki.
4. Mene ne dalilin da ya sa zama ba aiki yake lalata tantani, kuma wane mataki ake ɗauka domin gajeren hutu da dogon hutu?
5. Wani matuƙi ya cika tankinsa da ruwan famfo, yana son ɗauraye injinsa da shi. Wace nasiha za ku yi masa?
6. Wane abu ne mitar TDS take nunawa, wane ne kuma ba ta nunawa?
7. Mutum 5 suna bukatar lita 12 kowannensu a rana, injinsu yana ba da lita 20 a awa. Awa nawa za su kunna shi kullum?
8. Inji mai ba da lita 40 a digiri 25 ya shiga ruwa mai digiri 20. Lita nawa za a sa rai a awa?
9. TDS ya tashi daga 300 zuwa 1,500 a rana ɗaya, kuma ruwan da yake fitowa ya ƙaru. Me za ku fara dubawa, kuma me za ku yi da wannan ruwan?
10. Ku zana shafin littafin ajiye bayani mai gurabe biyar, ku cika shi da misalin kwana uku.